Ranar da Bakoji Ya Kira Sunan Surukinsa

Ni na roƙi Abdulfattah ya zo Birnin Gwari, kuma sai da na yi kamar zan yi masa kuka a waya kafin ya yarda. Shi ne mai zaɓo wa wata ƙungiyar ƙwallo ta ƙaramin rukuni a Kaduna sababbin 'yan wasa. Aikinsa ke nan, ya bi gari gari yana kallon samari, ya jera su daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, ƙungiya ta ɗebi na sama. An yi shekaru irinsa bai tako garinmu ba saboda hanyar dajin nan da kowa ya san halinta. Da abin ya ɗan lafa, motoci suka dawo bin hanya, sai na matsa masa lamba. Ya ce zai zo, amma mutum uku kawai zai ɗauka, kuma ana sallame la'asar zai shiga mota, don direbansa ya rantse rana ba za ta faɗi masa a cikin daji ba.

Sunana Munzali. Ina da shagon cajin waya a bakin kasuwa, da yamma kuma ni ne kocin samarin unguwa. Babu wanda ya naɗa ni, babu mai biyana, amma in an ci mu ni ake zagi. Na aika garuruwan Damari da Tabanni da Kutemeshi su turo gwanayensu, don kada a ce na yi son kai. Son kan kuwa na yi shi, domin duk wannan wahala saboda mutum ɗaya na sha ta, Yusha'u, ɗan yayata Saude.

Yusha'u ɗan gaba ne, kuma ban taɓa koyar da mai ƙafa irin tasa ba. Sai dai ƙwallo a garinmu ba ta ciyar da kowa, shi kuma ya kai munzalin aure, har an kai masa gaisuwa gidan su budurwarsa Na'ima. Abokansa sun samar masa wuri a ramin zinariya can cikin daji. A irin ramin nan wansa ya rasu, ƙasa ta rufta da shi, ko gawarsa Yaya Saude ba ta gani ba. Yusha'u ya same ni a shago ya faɗa mini ba tare da ya ɗago kai ba.

"Kawu, in mutumin Kaduna bai ɗauke ni ba, ranar kasuwa zan bi su rami. Na gaji da zama haka."

Washegari uwarsa ta zo, ko zama ba ta yi ba. Ta ce, "Munzali, na ba rami ɗaya. Ba zan ba shi na biyu ba. Kai ka koya masa ƙwallon nan, ka san yadda za ka yi." Ta juya ta tafi, ta bar ni da cajar wani a hannu na rasa ta wace waya ce.

Abdulfattah ya iso da hantsi, ɗan siriri mai furfura a gemu, ba ruwansa da yawan gaisuwa. Na ɗauka zan ga na'urori, sai na ga mutum da ledar dafaffiyar gyaɗa. A filin makarantar firamare ya zauna ƙarƙashin mangwaro ya bayyana mini yadda yake auna yaro.

"Abu huɗu nake dubawa, Koci. Ƙafa, huhu, kai, zuciya. Ƙafa da huhu muna gyara su. Kai muna koyar da shi, in yaro na da kunne. Zuciya kuwa ba mu da ita a sito, sai wanda ya zo da abarsa."

Na ce duk akwai, ya zuba ido kawai. Na fara raba samarin gida biyu, sai ya ɗaga hannu.

"A'a. Yaro da yaro ba ya nuna mini komai. Can inda zan kai su, ƙarti za su tarar masu iyali, waɗanda in ka wuce su ka taɓa abincin 'ya'yansu. Samo mini manya."

Manya kuwa muna da su, ƙungiyar dattawa masu buga wasa ranar Juma'a da yamma don rage tumbi. Na hau babur na bi su ɗaya bayan ɗaya, mahauci da malamin makaranta da direbobi biyu da sauransu. Kafin azahar na tara su. Ina ta murna da kaina, ban tuna komai ba sai da suka fito cikin jesi bayan salla, na ga mai lamba biyar yana ɗaure takalmi.

Bakoji ne, mai gyaran injin niƙa. Ya haura arba'in, amma har yau babu ɗan bayan da ya kai shi a ƙasar nan, ƙirjinsa kamar ƙyauren shago. Kuma shi ne mahaifin Na'ima.

Wanda bai san garinmu ba zai ce to sai me. Tun ranar da aka kai goron gaisuwa, Yusha'u bai sake bi ta gaban shagon Bakoji ba, sai ya zagaya ta bayan masallaci ko da sauri yake. In tsautsayi ya haɗa su, Yusha'u ya tuɓe takalmi ya durƙusa, idonsa a ƙasa. Bakoji kuma ya kawar da kai gefe ya amsa a gajarce. Sunansa ma ya daina faɗa, sai dai "yaron nan". Haka surukai suke yi a wurinmu, kuma ba a taɓa jin ta hana kowa komai ba sai ranar.

Aka hura usur. Minti kaɗan ƙwallo ta zo wa Yusha'u a gefen hagu. Ya yanke mahauci, ya yanke malamin makaranta har sai da mutumin ya dafa ƙasa, 'yan kallo suka ɗauki ihu. Ya ɗago kai, sai ga Bakoji a gabansa. Wallahi ina gani yaron nan ya rage gudu, ya ɗan rusuna, ya juya ya mayar da ƙwallo baya.

Na yi ihu, "Shiga mana! Shiga!" Ko waiwayowa bai yi ba.

Haka aka yi ta yi. In ya koma dama, Bakoji ya koma dama, don aikin lamba biyar ke nan. In sun haɗu, Yusha'u ya sallama ƙwallo tun ba a nema ba. Shi ma Bakojin ba ya sa masa ƙafa, sai ya tsaya nesa yana kallon wani wuri. Akwai lokacin da ƙwallo ta faɗo tsakaninsu, kowa ya tsaya yana jiran ɗan'uwansa ya fara ɗauka, har ta gangara waje ita kaɗai. Filin nan ya kwashe da dariya, domin kowa ya san dalili. Wani daga bayan raga ya ce, "A kawo musu tabarma su gaisa sosai!" Ni kuwa ban ga abin dariya ba. Na hango Yaya Saude cikin mata a jikin katangar aji, ta haɗa tagumi.

Da aka tafi hutun rabin lokaci na je gindin mangwaro. Abdulfattah ya tara ɓawon gyaɗa a gabansa, ya fara jera mini su da baki.

"Na ɗaya, ɗan tsakiyan nan na Tabanni. Isaiah ko? Ba ya gudu, amma duk inda ya tsaya nan ƙwallo take zuwa. Wannan kai ne. Na biyu, Mustapha na Kutemeshi. Huhu kamar na doki, sai dai yana gudu ya manta da ƙwallo a baya, amma za mu gyara. Na uku, golan Damari, in bai ba ni kunya ba."

"Yusha'u fa?"

"Mai lamba tara? Ƙafarsa ta fi ta kowa a filin nan, har da waɗanda nake da su a Kaduna." Ya ɓare gyaɗa. "Na bakwai."

"Na bakwai!"

"Matsoraci ne, Koci. Yana cin ƙanana, ya ga babba ya gudu. Na sha ganin irinsu. Wasa biyu za su yi a rukuni a karya musu gwiwa, su dawo gida suna cewa an yi musu asiri."

Raina ya ɓaci, amma na danne. Na durƙusa kusa da shi na gaya masa ko wane ne lamba biyar a wurin lamba tara. Ya dube ni, ya dubi fili, sai ya fashe da dariya har gyaɗa ta sarƙe shi.

"Surukinsa! Kai, Allah ya shirye ku. To ai ni ma har yau ban taɓa cin abinci a gaban nawa ba."

Na ji sanyi. Na ce to shi ke nan, bari in cire Bakoji in sa wani.

"Kada ka soma," in ji shi, dariyar ta ɗauke. "Na yarda da maganarka, amma ba labari nake kai wa Kaduna ba. In sun tambaye ni yaya yaron yake in ya haɗu da ƙato, me zan ce? Ban gani ba. Kuma duk dattawan nan naka, lamba biyar ne kaɗai ya isa a auna ɗan gaba da shi. In ka cire shi ka cire mini ma'auni. Ya wuce wancan mutumin ina kallo, ko ya zauna a na bakwai."

Na tashi na nufi wurin dattawa. Bakoji yana zaune a kan benci yana zuba wa kansa ruwa. Na ja shi gefe, na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na ce ko zai ɗan sassauta, ya bar yaron ya wuce sau ɗaya ko biyu.

Ya dube ni sama da ƙasa. "Mutumin can makaho ne? Ko ni kake so a mayar abin dariya, a ce na buɗe wa yaron nan hanya? Ai ban ma taɓa shi ba. Shi ke kawo mini ƙwallo har gida."

"Yaya Bakoji, in ba a ɗauke shi ba, rami zai tafi. Ranar kasuwa."

Hannunsa ya tsaya da gorar ruwan. "Wane rami?"

"Na zinariya. Inda wansa ya tafi."

Ashe bai sani ba. Ya tambaya ko Saude ta sani, na ce ta sani. Ya ajiye gorar a hankali, ya miƙe, ya nufi tsakiyar fili inda samari ke zaune a kan ciyawa. Na bi shi ina cewa ya tsaya, ko saurarona bai yi ba.

"Yusha'u!"

Sunan ya fito da ƙarfi, har masu sayar da rake suka juyo. Duk wanda ke wurin ya san bakin nan bai faɗi sunan nan ba tun da aka kai gaisuwa. Yusha'u ya zabura ya durƙusa.

"Tashi. Ɗago ka dube ni." Yaron ya ɗago da ƙyar. "An ce mini rami za ka. To ni ban haifi 'yar da zan aurar wa mai shiga rami ba, ta yi takaba tun lallen aure bai goge ba. A faɗa wa iyayenka su aiko a karɓi goronsu. Daga yanzu babu komai tsakanina da kai. Kai ɗan gaba ne, ni ɗan baya. In ka matso inda nake, sai na kai ka ƙasa."

Ya juya ya koma wurinsa. Filin ya yi tsit. Na hango wata yarinya a jikin katanga ta ja mayafi ta rufe fuska, ƙawayenta sun riƙe ta, na san Na'ima ce. Na zo gyara abu ɗaya na ɓata biyu, ga rami ga auren da ya watse, kuma duk da bakina. Na kasa duban inda Yaya Saude take.

Aka dawo wasa. Ƙwallon farko da Yusha'u ya taɓa, Bakoji ya zo masa da kafaɗa ya watsar da shi can wajen layi, ƙasa har cikin baki. Alƙalin wasa bai hura ba, don babu laifi a ciki. Na ji muryar Abdulfattah a bayana, ya taso daga gindin mangwaro.

"Yanzu za mu gani. Ba faɗuwar nake kallo ba, tashin."

Yusha'u ya tashi. Bai kakkaɓe jiki ba, bai dubi alƙali ba. Idonsa ya yi ja, hawaye ne ko ƙasa ban sani ba. Ya ɗaga wa Isaiah hannu a ba shi. Aka ba shi, ya nufi Bakoji kai tsaye, Bakoji ya sa ƙafa ya ƙwace tsaf. Ya sake nema, aka sake ba shi, wannan karon ya yi kamar zai bi dama ya bi hagu, ya wuce da rabin jiki kafin dattijon ya tsinto ƙwallon ta baya. 'Yan kallo suka fara matsowa bakin layi. Babu mai dariya yanzu.

"Sau biyu an hana shi, ya dawo," in ji Abdulfattah. "Ya hau na biyar."

Can gefe direbansa ya riga ya juya kan mota ya fuskanci hanya.

Abin da ya biyo baya, duk wanda ya gani har yau yana ba da labarinsa. Mutum biyun nan suka manta da sauran mutanen fili. Bakoji yana haki kamar injin da ya sha dawa, amma bai ba da ko taku ɗaya kyauta ba. Ya kai yaron ƙasa, yaron ya tashi. Yusha'u ya wuce shi sau ɗaya ya buga, ƙwallo ta daki ƙarfe. Ya sake wuce shi, gola ya ture. Na ji Abdulfattah yana cewa "na huɗu" a hankali, kamar mai ciniki. Na huɗu kuwa da na bakwai duk ɗaya ne a wurina, tunda uku za a ɗauka.

Inuwar mangwaro ta kai bakin fili, alamar la'asar ta kusa, sai Isaiah ya ɗago wata ƙwallo ta sauka a ƙirjin Yusha'u. Bakoji ya taho da dukkan ƙarfinsa, ya buɗe ƙafa zai tare. Yusha'u ya zura ta tsakanin ƙafafunsa, ya zagaya ya ɗauka. Dattijo ya juya zai bi, ƙafa ta harɗe, ya zauna daɓas. Saura gola kaɗai. Duk filin na ihu ya buga, ni ma ina ciki. Bai buga ba. Ya tura ta gefe inda Mustapha ya taho a guje babu kowa a kansa, shi kuma ya sa ƙafa ta shige raga.

Abdulfattah ya kama hannuna ya matse. "Ka gani? Yana cikin wannan fushi, yana da dalilin da zai ci da kansa ya huce, amma ya ga abokinsa. Zuciya da kai a lokaci ɗaya. Wannan nake nema."

Da aka tashi ya tara samarin a gindin mangwaro ya faɗi jerinsa a gaban kowa. Isaiah na ɗaya. Yusha'u na biyu. Mustapha na uku. Golan Damari ya ce ya ƙara shekara guda, zai dawo dominsa. Na buɗe baki zan yi gardamar na ɗaya da na biyu, don hali ba ya barin mutum, sai na ji ba ni da ƙarfin yi. Na juya na ɗaga wa Yaya Saude yatsu biyu. Ta zame jikin katanga ta zauna a ƙasa, ta ɗaga hannuwa sama, mata suka kewaye ta. Rami bai samu na biyu ba.

Aka yi salla, Abdulfattah ya ce su same shi Kaduna ranar Litinin, direba ya ja mota tun bai rufe ƙofa sosai ba.

Sai dai Yusha'u bai yi murna ba. Abokai na ɗaga shi, shi kuwa idonsa na kan katangar da Na'ima ta tsaya ɗazu. Na je na dafa shi, don ni na jawo. Muna tsaye sai ga Bakoji yana tahowa yana ɗingishi, takalmansa rataye a wuya. Na gyara tsayuwa, na shirya ba da haƙuri ko karɓar zagi.

Ya tsaya a gabana. Yusha'u na nan dab da kafaɗata, amma Bakoji ya kawar da kai can wajen mangwaro, kamar akwai abin kallo a cikin ganyen.

"Munzali," in ji shi, "ka faɗa wa yaron nan, in ya je can ya riƙa sa ƙafar dama ma, in ba haka ba 'yan baya za su gane shi da wuri. Kuma ka ce iyayensa su zo a sa rana kafin ya tafi."

Na ce, "Goron fa, Yaya Bakoji? Ka ce a zo a karɓa."

"Wane goro? Wanda aka cinye tun watan jiya?"

Dariya ta ƙwace mini, da hawaye a ciki. Yusha'u ya tsaya baki buɗe, sai can maganar ta shige shi. Ya faɗi ƙasa yana kiciniyar kwance igiyar takalmi don ya durƙusa yadda ya kamata, igiyar ta ƙulle, yana ja tana ƙara ƙullewa. Bakoji bai jira ba. Hanyar gidansa ta gaban yaron take, amma sai ya juya da ɗingishinsa ya zagaya ta bayan ajujuwa.